Na'urar karatu ko littafin takarda? Amsa ga wata malama a Tawa

Malama, tambayarki ta iso ni, kuma zan maimaita ta a taƙaice saboda masu irin halin da kike ciki. Kin ce yayanki da ke Abijan ya yi miki alkawarin jika 100 na sefa, ya kuma ba ki zaɓi: ko ya sayi na'urar karanta littafi, wadda ake ce wa liseuse da Faransanci, ya aiko da ita, ko ya turo kuɗin ki sayi littattafan takarda. A gidan akwai ƴarki ta fari da ke aji 3e, ajin ƙarshe na kwaleji, tana shirin jarrabawar BEPC, akwai ƙanenta da ya shiga ajin CP na firamare, ga ke kanki da kike karanta littattafan Hausa a waya kowane dare har idanunki sun fara yaji. Kika ce in gaya miki wanne ya fi.

Na haura shekara 20 ina aiki a ɗakin karatu a nan Tawa, a Nijar, kuma shekara 8 ke nan ina da irin wannan na'ura. Ina ƙaunarta, da ita nake kwana, da ita nake tafiya Yamai a mota. Duk da haka, a gidanki, a wannan shekara, shawarata ita ce ki karɓi kuɗin ki sayi takarda. Ban so ki ɗauki maganar don kawai ni na faɗa, saboda haka ga dalilaina, har da wuraren da na'urar ta fi takarda nesa ba kusa ba.

Sai mun fara raba ta da waya da tablet, don mutane da yawa suna zuba su a kwando ɗaya. Fuskar waya fitila ce, haske yana tasowa daga bayan gilashi ya doki ido. Fuskar na'urar karatu wani abu ne daban. A cikinta akwai miliyoyin ƙananan ƙwayoyi, kowace ba ta wuce kaurin gashin kai ba, kuma a cikin kowace ƙwaya akwai ruwa garai-garai da garin fari da na baƙi. In aka saki ɗan lantarki sai farin ya taso baƙin ya nutse, ko baƙin ya taso farin ya nutse, da haka ake zana harafi. Da zarar shafi ya zauna, ya zauna ke nan, ba ya ƙara shan batir sai an juya wani. Wannan ne ya sa cajinta ke kai makonni, kuma shi ya sa ana karanta ta a tsakar rana tangaran, inda waya sai kin kare ta da tafin hannu. A jami'ar MIT ta Amurka aka ƙirƙiro dabarar, aka kafa kamfanin E Ink a 1997. Sony ya fitar da na'ura mai irin wannan fuska a Japan a 2004, Amazon ya kawo Kindle a 2007, Kobo ta biyo baya daga Kanada a 2010. Mu da muka ga yadda gari ya koma daga watan Agustan 2023, lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, mun san darajar abin da ba ya neman caji kullum. A waɗancan watanni wayata takan mutu kafin la'asar, na'urar kuwa sau biyu ko uku kawai na tuna na nema mata wuta.

To, me ya sa nake hana ki? Bari in fara da ɗan CP, don shi ne hujjata mafi ƙarfi.

Ki zauna kusa da shi yau da dare ki dubi yadda yake karatu. Ɗan yatsansa yake ɗorawa ƙarƙashin harafi, yana ja, yana tsayawa, yana komawa baya. Hannu ne ke jagorantar ido a wannan shekaru. Na taɓa miƙa wa wani yaro sa'ansa na'urata a ɗakin karatu, na buɗe masa ɗan labari. Yana ɗora yatsa a kan kalmar farko sai shafin ya juya. Ya ɗago ya dube ni kamar ya yi laifi. Na mayar masa, ya sake ɗorawa, ya sake juyawa. A karo na uku sai ya naɗe hannuwansa a ƙirji yana kallon rubutun daga nesa, bai ƙara furta ko harafi ɗaya ba. Da na ba shi littafin takarda mai zanen akuya, wanda gefensa duk ya yi baƙi da hannun yara, sai ya kwanta rub da ciki a kan tabarma ya ci gaba da gunguninsa. Yaro yana son hoto mai launi, yana son babban shafi, yana son ya karanta labari ɗaya sau ashirin har ya haddace shi ya riƙa gaya wa ƙannensa. Kuma yana bukatar littafin ya kasance a yashe inda hannunsa zai kai ba tare da ya nemi izini ba. Ki faɗa wa kanki gaskiya: abin jika 100 za ki bar shi a kan tabarma, a gidan da ake shan koko ana zubarwa? A'a, cikin akwati za ki kulle shi, ba zai fito ba sai ranar da kika sami sukuni. Na'ura ɗaya ce, mai karatu ɗaya take ɗauka a lokaci ɗaya, ku kuwa ku uku ne. Littafi 20 kuwa mutum 20 za su iya buɗewa a sa'a guda, har da ƴaƴan maƙwabta. Malaman makarantar allo sun san wannan tun tuni, shi ya sa kowane almajiri da allonsa.

Ƴar 3e matsalarta daban ce, kuma a nan akwai binciken da ya kamata ki sani. A 2018 wasu masana, galibinsu daga jami'ar Balensiya ta Sifen, sun tattara bincike 54 da aka yi daga 2000 zuwa 2017, wanda ya haɗa mutum sama da 170,000, don su ga ko fahimta tana bambanta tsakanin takarda da fuskar na'ura. Sun sami takarda ta ɗan fi. Ratar ba babba ba ce, amma tana nan daram, kuma ta fi fitowa a wuri biyu: in rubutun na bayani ne, irin na kimiyya ko tarihi, da kuma in an ƙayyade wa mai karatu lokaci. A labarin ƙirƙira ba su ga wani bambanci na a zo a gani ba. Adalci shi ne in ƙara da cewa yawancin waɗannan gwaje-gwaje a fuskar kwamfuta aka yi su. Wanda ya shafi na'urar karatu kai tsaye shi ne na Anne Mangen ta jami'ar Stavanger a Norwe, ita da abokan aikinta na Faransa, a 2019. Sun ba mutum 50 labari mai shafi 28, rabi a takarda rabi a Kindle. A yawancin tambayoyi duka sun yi kunnen doki, amma da aka ce su jera abubuwan da suka faru bi da bi, kuma su nuna a ina ne cikin littafin abu kaza ya auku, masu takarda sun fi. Dalilin da ake bayarwa, ni ma na yarda da shi daga abin da nake gani, shi ne hannu yana taya ƙwaƙwalwa riƙo. Kaurin shafukan da suka wuce a hagu, da na waɗanda suka rage a dama, da tunanin cewa ƙa'idar nan tana ƙasan shafi kusa da zane, duk ƙugiyoyi ne da ake rataye ilimi a kansu. Ko ƙasar Suwidin, wadda ta yi nisa wajen raba wa ƙananan yara tablet, a 2023 gwamnatinta ta juya ta zuba kuɗi a littattafan takarda na makaranta.

Ki auna wannan da BEPC: rubutun bayani ne, a kan takarda, ga mai gadin jarrabawa yana duban agogo. Daidai wurin da takarda ta fi ke nan.

Akwai kuma abin da ba sai an yi bincike ba. Littafin lantarki iri biyu ne a aikace. Wanda ake kira EPUB kamar ruwa yake, yana bin siffar ƙwaryar da aka zuba shi, ki ƙara girman harafi ya sake jeruwa da kansa. PDF kuwa hoton shafi ne, kamar busasshen bulo, yadda aka buga shi haka zai zauna. Kusan duk abin da ɗalibanmu ke turawa juna, tsofaffin jarrabawowi, darussan lissafi, littattafan makaranta da aka ɗauka da kyamara, PDF ne mai girman takardar fotokofi. Fuskar ƙaramar na'ura kuwa santimita 15 ce daga kusurwa zuwa kusurwa, ba ta fi tafin hannun babba da yawa ba. In kika cusa cikakken shafi a ciki, rubutun zai koma kamar tururuwa. In kika buɗa shi, sai kin riƙa jan shafin dama da hagu, ga na'urar da nawa, tana ƙiftawa baƙi kafin ta nuna. Yarinyar da ke aikin lissafi tana son zanen yana gabanta, tambayar tana gefe, yatsa ɗaya yana riƙe da shafin gyara a ƙarshen littafi, fensir yana ja mata layi. Na ga ɗaliban jami'ar Djibo Hamani da suka sayi na'urar don darussansu, bayan wata biyu suka koma layin mai fotokofi. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma shekarar jarrabawa ba ita ce shekarar gwada sabon kayan aiki ba.

Yanzu ga abin da masu sayarwa ba sa faɗa. Za a ce miki tana ɗaukar littafi dubbai, kuma gaskiya ne, domin littafin labari ɗaya sau da yawa bai kai nauyin hoto guda na waya ba. Amma wayam take zuwa, gafaka ce babu komai ciki. Tambayar ita ce da me za ki cika ta. In Faransanci ko Ingilishi na da kike so, kin faɗa rijiyar zuma: Project Gutenberg, wanda aka fara tun 1971, yana da littafi sama da 70,000 kyauta, ga Gallica ta babban ɗakin karatun Faransa, ga Wikisource. Da yawa daga cikin littattafan da marubutansu suka daɗe da rasuwa har haƙƙin mallakarsu ya faɗi suna nan. Amma namu fa? Abubakar Imam ya rasu a 1981, Boubou Hama a 1982, Abdoulaye Mamani a 1993. Ayyukansu suna da masu haƙƙi, kuma galibi a takarda ake samun su ta halal. Abin da INDRAP, cibiyar tsara darussa da littattafan makaranta, ke shiryawa don makarantunmu, da abin da gidajen ɗab'i na Yamai irin su Gashingo suka buga da harsunan ƙasa, don takarda aka tsara su. A manyan shagunan intanet na Turai da Amurka littafin Hausa sai an tona. In ma kin sami wanda kike so, katin banki ake nema, mu kuwa kuɗinmu ta waya da gidajen aika kuɗi suke yawo. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, na ji daɗin hakan ƙwarai, amma doka ba ta rubuta littafi, kuma har yanzu rumbun lantarki na Hausa, wanda aka gyara rubutunsa aka tsara shi yadda ya kamata, bai taka kara ya karya ba.

Sai kuma haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Wasu salon rubutun da ke zuwa cikin na'ura ba su san su ba, sai ki ga ɗan akwati babu komai a wurin harafin, ko harafin ya fito da wata siffa daban a tsakiyar kalma. Ga babba wannan ƙaramin abu ne, zai cike da kansa. Ga yaron da ke koyon bambanta "kasa" da "ƙasa" babbar ɓarna ce. Akwai magani: Kindle da Kobo duka suna barin mutum ya zuba nasa salon rubutu, kuma ƙungiyar SIL tana raba Andika da Charis kyauta, dukansu suna da haruffan nan. Amma sai wanda ya san hanya. Haka yake ga Alƙur'anin Warsh da muka tashi da shi, mai fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama: yawanci a hoton shafi ake samunsa, matsalar PDF ta dawo.

Abu na gaba shi ne wanda ya fi damuna a matsayina na mai tsaron littafi. Littafin da kika saya a kasuwa naki ne. Ki ba da aro, ki sayar, ki bar wa jikokinki. Mun ga yadda ake raba littattafan malami bayan rasuwarsa, kowane ɗa ya tafi da kasonsa, da rubutun mahaifinsa a gefen shafi. Yawancin littattafan manyan shagunan intanet kuwa a kulle suke da wani makulli da ke ɗaure su ga sunan mai saye da na'urarsa. Izinin karantawa aka sayar miki. A watan Yulin 2009 Amazon ya shiga na'urorin mutane daga nesa ya goge littattafai biyu na George Orwell, saboda wanda ya sa su a kasuwa ba shi da haƙƙinsu. An mayar wa mutane kuɗinsu, shugaban kamfanin ya nemi gafara, amma kowa ya ga cewa hannun mai shago yana iya kaiwa har cikin ɗakin mai saye. A 2019 Microsoft ya rufe shagonsa na littattafai, waɗanda aka saya suka daina buɗuwa, aka biya mutane. Kusa da mu, OkadaBooks ta Najeriya, inda marubutan Hausa da dama suke sa littattafansu, ta rufe a ƙarshen 2023. Kayan aro ba ya rufe katara. Ni abin da nake yi, duk littafin da ke na'urata ina da kwafinsa marar makulli a kwamfuta, cikin wata manhaja ta kyauta mai suna Calibre, da wani kwafin a kile, ƴar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta. Wanda ba shi da kwamfuta, rumbunsa a hannun wani yake.

Ga kuma zafi. Masu ƙera ta suna rubuta cewa a yi aiki da ita tsakanin digiri 0 zuwa 35. Ke kin san Tawa a watan Afrilu da Mayu, digiri 40 abin yau da kullum ne, ɗakin kwano kuwa ya wuce haka. Ba za ta mutu nan take ba, amma batirin irin na waya ne, zafi yana tsufar da shi, kuma a liƙe yake ciki. Ƙarƙashin fuskar akwai gilashi siriri ƙwarai. Wani ɗalibi ya kawo mini tasa, ya sa ta a aljihun baya ya hau kabu-kabu. Daga waje ko ƙwarzane babu, amma rabin fuskar ya daskare da layuka baƙi da fari, ɗaya rabin yana nuna rabin shafin da ya tsaya a kai. Muka zaga masu gyaran waya, kowa ya juya ta ya miƙo mana, don babu mai fuskar canji. Littafinsa 300 suna ciki lafiya lau, ba ya iya karanta ko ɗaya.

Kada ki ɗauka takarda ba ta da nata maƙiyan. Wata shekara bayan damina na buɗe wani kabad na katako da ke jingine da bango, wanda muka yi wata uku ba mu taɓa ba. Daga gaba littattafan suna jere tsaf, bayansu na kyalli. Na jawo na farko sai bangon kawai ya biyo hannuna. Gara ta hau ta bango, ta gina hanyarta ta laka, ta ratsa layin gaba ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan, ta cinye ciki ta bar fata. Littafi 40 da wani abu, har da ƙamus ɗin da yara ke layi a kansa. Na zauna a ƙasa na daɗe ban ce komai ba. Ga ɗigon rufi, ga ɓera, ga ƙurar hunturu, ga mai aro da ba ya mayarwa. Kuma takardar zamani mai arha daga ɓawon itace ake yin ta, tana da tsami a jikinta, shi ya sa take yin ja ta riƙa karyewa, mannin bayanta kuma zafi ya busar da shi shafuka su zube. Rubuce-rubucen hannu dubbai da ke ajiye a cibiyar bincike ta IRSH ta jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, waɗanda Boubou Hama ya fara tarawa, da yawansu sun kai yau ne saboda takardarsu ta tsumma ce, irin mai tambarin jinjirin wata uku da ake kawowa daga Italiya, kuma an adana su cikin fata. Littafin kasuwa na yau ba zai yi wannan kwana ba sai an kula da shi.

Kuma takarda tana da nauyi da tsada da nisa. Daga Yamai zuwa nan kilomita sama da 500 ne, littafin da aka buga a Faransa kafin ya iso hannunmu kuɗinsa ya hau, na Hausa da na Larabci kuma ta Ƙonni suke shigowa daga Kano da Sakkwato, in iyaka ta rufe su ma sun tsaya. A nan ne na'ura take da rana. Akwai wani tsohon malamin makaranta mai ritaya da ke zuwa wurinmu, ya yi shekara biyu bai karanta komai ba saboda ƙananan haruffa sun fi ƙarfin idonsa. Na ƙara masa girman rubutu a na'urata har layi ɗaya bai wuce kalma huɗu ba. Ya karanta shafi ɗaya a bayyane, ya cire tabarau ya share ido, ya ce, "Ɗana, ashe da sauran rabona a karatu." Ƴaƴansa suka haɗa kuɗi suka sayo masa tasa. Ga irinsa, ga mai karatun digiri da ke bukatar littattafan da ba su taɓa shigowa ƙasar nan ba, ga ma'aikacin da aka tura ƙauyen da babu ɗakin karatu, ga mai yawan tafiya, ba na jinkiri wajen cewa su saya. Tana da wata falala kuma da nake ganin ta fi duka: babu WhatsApp a cikinta, babu mai kira. Mutum yana zama da littafinsa shi kaɗai.

Wannan ya kawo mu kanki. A cikin ku ukun, ke ce na'urar za ta yi wa amfani, domin labari kike karantawa, inda bincike bai nuna takarda ta fi sosai ba. Amma kafin ki ɗora wa waya laifin komai, ki duba yadda kike karatun. Ɗaki da duhu, fuska da haske sosai, harafi ƙanana, ido a kafe ba ƙiftawa, dole ya bushe ya yi yaji. Ki kunna fitila a ɗakin, ki rage hasken wayar, ki ƙara girman rubutu, kowane minti 20 ki ɗaga kai ki dubi nesa. A wani gwaji da aka yi a Boston aka buga a 2015, mutum 12 da suka riƙa karatu a iPad na sa'a 4 kafin barci sun fi jinkirin yin barci fiye da daren da suka karanta takarda, don haka ki ajiye wayar da ɗan sauran lokaci. In kin kai shekara 40 ko kin kusa, ki je a auna idonki, domin a wannan shekaru ganin kusa yakan fara raguwa ga kusan kowa, kuma tabarau ne maganinsa. Wani roƙo kuma, tunda kin ambaci littattafan Hausa na waya: yawancin masu rubuta su mata ne irinki, suna sayarwa a ƴan ɗaruruwan naira. In an turo miki na sayarwa a ɓagas, ki nemi mai shi ki biya ta. In ba a biyan marubuta, ko na'ura ko takarda ba za a sami abin zubawa ba.

Da jika 100 ɗin a hannuna suke, da ga yadda zan yi. Kaso mafi tsoka ga ƴar 3e: ƙamus na Faransanci mai kyau, wanda zai raka ta har jarrabawar BAC ta ƙarshen sakandare, ƙanenta ya gada, da littafin tsofaffin jarrabawowi masu gyara, da na lissafi da na kimiyya. Ki tambayi malamanta bugun da suke aiki da shi kafin ki biya, kuma in akwai mai zuwa Yamai, masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa kusa da babbar kasuwa sukan sauƙaƙa. Ga ɗan CP, ƙananan littattafan labari masu hoto, da Hausa da Faransanci, gwargwadon yadda kuɗin suka kai. A shafin African Storybook na intanet akwai labaran yara da Hausa kyauta, kuma an yarda a buga su, sai ki kai wa mai fotokofi ki ɗinke da zare. Ki ware na fitila mai cajin rana, don littafi ba ya karantuwa a duhu. Ki sayi akwatin ƙarfe, ki ɗora shi a kan bulo nesa da bango, ki zuba busasshen ganyen dogon yaro a ciki, ki riƙa buɗewa kina kaɗe littattafan duk bayan mako biyu, musamman da damina. Ki yi musu riga da takardar buhun siminti, ta fi kowace takarda juriya. Na ɗan CP kaɗai ne ba za su shiga akwati ba, su a kan tabarma za su zauna, in sun yage a liƙe.

In Allah ya kai mu baɗi yayanki ya sake buɗa hannu, to a sayo miki taki, ko da ta hannu ce. Ki gaya masa ya nemi mai fitila a gefen fuska, mai karɓar EPUB ta igiyar da ake jona ta da kwamfuta ba sai da intanet ba, ya haɗo da riga mai tauri, kuma in ta hannu ce ya tabbata tsohon mai ita ya cire sunansa daga ciki. Kafin ya biya, ya zuba mata rubutun Hausa ya duba ko ƙ da ɗ da ƴ sun fito daidai. Kafin nan, ranar Laraba da yamma ina ɗakin karatu har ƙarfe 6. Ki zo da wayarki in gyara miki haske da girman rubutu, ki riƙe na'urata na sa'a ɗaya ki ji yadda idonki zai karɓe ta. Ki taho da yaron ma, littafin akuyar yana nan.